Da Ƙafa Har Sukukutane

"Wallahi Anas, ba za ka nuna wurin nan ba!" in ji Zaidu.

Fim suka ɗauka na tafiyarsu a ƙafa daga Dogon Dutsi har Sukukutane, gobe gari zai kalla. Sai ga gogan naka Zaidu a ciki, ya saci jiki ya ɗare kabu-kabu!

"Sai na nuna," in ji Anas. "Kowa ya ga maƙaryacin aminina."

Gumi ya keto wa Zaidu. Ya ƙura ido: moto na sheƙa gudu cikin rairayi, hoto na biye da shi daf da daf.

Ya ɗago a hankali. "Malam mai gaskiya, kai da ƙafa ka bi moton kana ɗauka?"

Anas ya fice, ya banko ƙofa.