Kwamfutar da Ba Ta da Makulli

Ranar da Nu'uman ya sayo kwamfuta, mai shagon ya ce ya tsaya a ware wa kowa a gidan wurinsa a ciki, da lambar sirrinsa. Nu'uman ya yi dariya. Gidan mutum uku, shi da matarsa Siddiƙa da mahaifiyarsa, wa zai ɓoye wa wani abu? Shi da ko lambar wayarsa bai haddace ba. Ya ce a bar ta a buɗe, ana ɗaga murfi kawai a shiga.

Haka aka yi, kowa kuma ya ji daɗi. Shi yana duba farashin raguna kafin ya nufi kasuwar Mashi. Siddiƙa mai ɗinki ce, sai ta haɗa WhatsApp ɗinta da kwamfutar, don hoton zane ya fi fitowa a can. Bayan azahar takan kinkime ta zuwa ɗakin Inna ta kunna mata wa'azi. Shekara shida da rasuwar Baba, Nu'uman bai ga Inna cikin walwala irin ta watannin nan ba, har ƙunshi ta koma yi. Ya yaba wa kansa da wannan sayayya.

Wata Laraba da hantsi, Siddiƙa ta tafi kai ɗinki wajen Kusugu. Yana ɗaga murfi sai ga saƙo ya faɗo. An ajiye sunan da "M. Sandamu". Babu hoton fuska, sai na wata darbejiya a ƙofar gida.

"Ranki ya daɗe, ya gwiwar? Kina cikin raina tun asuba."

Gwiwa? Shekara takwas suna tare, Siddiƙa ba ta taɓa ce masa gwiwarta na ciwo ba. Ashe akwai wanda ake kai wa kuka a waje.

Ya ja hirar sama. Wata huɗu cur. Babu kalmar batsa ko ɗaya, abin da ya fi ƙona masa rai ke nan. Da ɗan iska ne, da ya san yadda zai yi da shi. Wannan mutum kuwa sai addu'a, sai tambayar ko ta ci abinci, sai labarin yadda geronsa ya yi kai a bana. Ita kuma tana amsawa da wata irin kunya mai daɗi da Nu'uman bai taɓa samu ba ko lokacin da yake zuwa zance. Duk amsoshinta tsakanin azahar da la'asar ne. Wato da wa'azin Inna ake fakewa.

Kwana tara yana leƙe kamar ɓarawo a gidansa. Tuwo ya daina wuce masa. Siddiƙa ta yi murmushi, ya ce na mutumin Sandamu ne. Ta yi shiru, ya ce shi take tunani. Ya so ya kai ƙara wajen Inna, amma shi ɗan fari ne, ko sunansa ba ta faɗa, balle su zauna irin wannan magana.

A rana ta goma da safe ya tarar jiya mutumin ya rubuto cewa yana son turo magabatansa bayan Sallar Layya. An amsa masa: "Ka ƙara mini lokaci. Akwai wanda nake jin nauyin ya sani."

Magabata, wajen matar aure! Kishi ya rufe wa Nu'uman ido. Siddiƙa na tsakar gida tana taka keken ɗinki, wayarta na caji a ɗaka. Ya ja kwamfutar da ba ta tambayar kowa waye shi, ya rubuta da sunanta:

"Ka fita harkata. Da ma wasa nake da hankalinka, dariyarka muke sha a gidan nan. Ka dubi kanka mana."

Amsa ba ta jima ba. "Allah Ya huci zuciyarki. Ba za ki ƙara jin ɗuriyata ba." Sai hoton darbejiyar ya ɓace.

Bai goge komai ba. So yake ya ga fuskarta lokacin da za ta karanta. Ya yagi takarda ya rubuta saki ɗaya, ya ninke ya sa a aljihu. A gaban Inna zai miƙa mata, don a sami shaida.

Bayan azahar Siddiƙa ta zo ta ɗauki kwamfutar tana 'yar waƙarta, ta shige ɗakin tsohuwa. Ya bi ta a hankali ya laɓe bayan labule, hannunsa a aljihu kan takardar. Ya ji ta zauna, ya ji ta ɗaga murfi.

Sai ya ji muryar Inna, ƙasa-ƙasa, cike da ɗoki kamar ta budurwa: "Yi maza karanta mini, 'yar nan. Me Malam ya ce mini yau?"