Dambun Gwaggo Tabawa

Tun da aka shimfiɗa baƙar rumfar nan mai zuƙar hasken rana a saman garin Tsamiyar Kuka, lantarki bai ƙara ɗaukewa ba. Sai dai an hana tururi, don shi ke ɓata ta. Duk gidan da rumfar samansa ta yi rawaya, tashin mutanensa ake yi.

Ɗanlami mai duba rumfa shi ya farfasa tukwanen da Gwaggo Tabawa ke turara shinkafa, ita da ta goya shi.

Ranar sunan ɗansa, sai ga ta a gidansa da manyan madambatai.

"Gwaggo, dambu kuma? A ƙarƙashin rumfa?"

"Da dambuna aka yi sunanka. Kore ni a gaban surukanka in ka isa."

Ya dubi baƙi, ya sunkuyar da kai. Ta ɗora, ta ƙi naɗe bakin tukwanen da tsumma.

Ana cikin ci, surukarsa ta ɗaga kai ta yi salati. Wani tabo kamar gwaiduwar ƙwai yana yaɗuwa a sama.

Tabawa ta ƙara masa dambu.

"Ci ka ƙoshi, ɗana. Gobe akwai kwasar kaya."