Kwanar Sarkin Latti

An buɗe allon ranar Asabar da hantsi. Farfesa Sharfaddeen ya iso wurin bikin bayan la'asar, masu haya suna kwashe kujerunsu. Kore ne allon, da farin rubutu: Titin Farfesa Sharfaddeen. Ya karanta sunansa a tsanake, bai ga kuskure ba.

Kuskuren yana bakin mutane.

Tun yana yaro ya bar unguwar Kwarbai zuwa makarantar kwana, bai dawo da zama ba sai da ya yi ritaya. Ya dawo da digirori, da sanƙo a tsakiyar kai wanda yake danganta shi da yawan tunani, da littattafai da suka sha yabo musamman daga waɗanda ba su karanta su ba. Abu ɗaya ya rage masa: a riƙa ambaton sunansa a unguwarsu.

Amma duk baƙon da ya ce wa mai Keke Napep ya kai shi Titin Farfesa, sai a yi ta zagaya ganuwa da shi. In ya gaji ya kwatanta gidan, direba ya ce, "Haba Alhaji, ai Kwanar Sarkin Latti za ka ce!"

A kwanar akwai wata darbejiya da ta cinye rabin sararin sama. Mai shayi a gindinta yake, haka mai faci, haka tsofaffin da ke dara suna gyara Nijeriya. In ɗaurin aure ya cika masallaci, nan ake malalowa. Allon Farfesa kuwa ya shige cikin rassanta, har wani ya ga dacewar ɗaure akuya a jikinsa.

Farfesa ya yi abin da ya iya, ya shiga bincike. Babu Sarkin Latti a sarautun Zazzau. Babu shi a malamai, babu a attajirai. Matasa suka ce haka suka taso suka ji. Ya kammala da cewa mutum ne da bai tsinana komai ba a duniya sai makara.

"Nasara," ya gaya wa mai unguwa, "ita ce abin da mutum ya bari a bayansa. Wannan me ya bari?"

Maganin a wurinsa mai sauƙi ne: a sare itacen, allo ya fito, sunan ya bi rassan. Mai unguwa bai yi musu ba, ya dai ce sai a gaban idon Farfesa. Aka tsayar da Alhamis, ƙarfe takwas na safe.

Farfesa ya iso ana kiran azahar. Masu injin yanka sun sha shayi har sun fara gyangyaɗi a inuwar da suka zo kashewa. A jikin itacen kuma ga yayarsa Hajiya Tayyiba ta shimfiɗa tabarma tana ɓarar gyaɗa.

"Sannu da sammako, Sharfu," in ji ta.

"Yaya, ki tashi za a yi aiki."

"Za a yi. Ka tuna firamarenmu?"

"An rushe ta tuntuni."

"An mai da ita shaguna dai. Ga su nan bayanka."

Ya waiwaya. Shagon caji, shagon ɗinki, kemis. Bai ga abin da ya sani ba.

"Hedimastanmu ba ya bulala," ta ci gaba. "Duk wanda ya makara, dashe ake ba shi a bakin shinge, ya ɗauko bokitin ruwa a ka daga rijiya ya ba shi, kafin ya shiga aji. Yara suka ga wahala suka shiryu, dashensu duk ya bushe. Guda ɗaya ya rayu, don mai shi bai taɓa fashin makara ba."

 Hannun Farfesa ya tafi ƙarƙashin hula, kan sanƙon.

Hajiya Tayyiba ta hure ɓawon gyaɗa daga tafinta. "Bayan ka tafi makarantar kwana hedimasta ya raɗa wa itacen suna. Shafa da kyau, ranka ya daɗe Sarkin Latti, gurbin bokitin ne."