Kira a Kufai

Ka ce tun rasuwar mahaifiyarka kake kallon masu shiga tsofaffin gidaje da na'urori suna neman fatalwa, har zuciyarka ta fara raya maka ka gwada. Matso kusa, Malam Sidi, muryata ba ta nisa yanzu. Zan ba ka misalin wani mutum. Sunan garinsu ya ɓace mini, kamar yadda abubuwa da yawa suke ɓace mini, amma na yi wata damina a can ina karantarwa, kuma ban manta abin da ya faru ba.

Mutumin mai gyaran rediyo ne da wayoyin hannu. Yana Kudu wajen neman abinci mahaifinsa ya rasu, kuma da ɓacin rai suka rabu. Bai samu jana'iza ba. Da ya dawo, wansa, wanda shi kaɗai ya rage masa a duniya, ya ce masa tsoho ya yafe wa kowa kafin ya cika. Bai gamsu ba. So yake ya ji da kunnensa. Ana nan sai ya ga hotunan masu farautar fatalwa a waya, ya sa aka kawo masa irin kayansu daga birni: rikoda mai ɗauko ƙaramin motsi daga nesa, da abin sawa a kunne, da wata na'ura mai allura wadda aka ce tana rawa idan wani abin ɓoye ya matso. Su waɗancan da dare suke fita. Shi kuwa ɗan ƙasarmu ne, ya san tsakar rana ce lokacin da ake cewa mutanen ɓoye suna yawo. Saboda haka kullum in rana ta take tsaka, sai ya hau babur ya nufi kufan garinsu, inda mutane suka tashi suka koma bakin titi, ya zauna a kangon ɗakin ubansa, ciyawa ta kai ƙugu, ya kunna kaya ya yi shiru. Abin da yake samu bai wuce kukan kurciya da shuuu ɗin iska ba. Wan ya yi magana har ya gaji. "Auta," in ji shi, "mamaci addu'a yake so, ba rediyo ba. Ka zo mu yi noma, ka bar wa ƙadangaru gidansu." Shi da mahaifinsu ne kaɗai suke kiransa Auta, kuma duk garin an san muryar wan ta uban ce sak.

Wata rana yana zaune, kunne a toshe da abin sauraron nan, sai ya ji an ce, "Auta." Muryar can ƙasa-ƙasa, kamar daga cikin tulu. Ya dubi allura, ya ga tana rawa, ko kuwa hannunsa ne yake rawa, Allah ne masani. Aka sake kira. Bakinsa ya buɗe zai amsa, sai ya tuna abin da aka koya mana duka tun muna yara: in ka ji an kira sunanka da tsakar rana a inda ba kowa, kada ka amsa, kada ka waiwaya, don wanda ya amsa ba ya komawa gida da hankalinsa. Ga shi kuma ba ya so muryarsa ta ɓata abin da rikoda take ɗauka. Ya danne numfashi, hawaye na zuba, yana jiran kalmar yafiya. Muryar ta ce, "Auta, zo." Ta faɗa, ta kuma faɗa, tana ƙara rauni. Nan tsoro ya rinjayi marmari, don ya san ma'anar mamaci ya ce da mai rai ya zo. Ya tattara kayansa, ya tada babur, bai dubi baya ba.

Ya iso gida yana ɗokin ya kunna wa wansa, a kawo ƙarshen gardama. A zaure matar wan ta tare shi. "Ina ka baro yayan naka? Daga gona ya ce zai ratsa ta kufai ya kai maka fura, wai tun safe ba ka sa komai a ciki ba." Ashe can kufai, a bayan kangon gidan ubansu, akwai tsohuwar rijiya da aka rufe da azara shekaru da yawa, gara ta cinye azarar, ciyawar damina ta lulluɓe bakin. Tsakaninta da inda Auta ya zauna bai fi a jefa dutse ba. Da la'asar aka zura igiya aka fito da wan daga cikinta, rai ya riga ya yi halinsa. Masu wanka sun ce raunin ba mai kashewa nan take ba ne.

Na ga mutumin bayan haka, a gindin wata bishiya, ya daina gyaran rediyo. Rikodar tana aljihunsa. An ce bai taɓa kunna ta ba, bai kuma iya goge abin da ke ciki ba. Ya dai samu abin da ya fita nema, muryar mamaci tana kiran sunansa.

To, Malam Sidi, ka yi wa mahaifiyarka addu'a, ka koma gida ka saurari masu kiranka da rai. Hausawa sun ce, garin neman gira a rasa ido.