Warin Takalmi

Sagiru direba ya bi gaɓar tsibirin da suka zo shan iska kusa da Doha, yana neman warin takalmin ɗan Madam. Furannin daji na shafar ƙafarsa, tsuntsayen teku na tashi a gabansa. Ko da ya samo takalmin ya dawo, jirgin ruwan da ya kawo su ya tafi.

Ya yi ihu har muryarsa ta dishe. Tsuntsaye kaɗai suka amsa. Ruwa ta ko'ina, shi kuwa bai iya iyo ba.

Can wayarsa ta yi ƙara. Madam ce! Alhamdu lillahi, sun tuna da shi.

"Sagiru, mun iso Doha tun ɗazu, yara sun gaji! Gidan uban wa ka shiga da makullin mota? Yalla, yi sauri!"