Likitar da Ta Bi Sawun Aska

Tun ɗazu nake jin ka kana kumfar baki, wai mutanen ƙauye ba sa jin magana, ba sa kawo marar lafiya sai ya kusa cikawa. To ɗan likita, ajiye jakar nan ka zauna, ka ji labarin wadda ta riga ka shan wannan takaici.

Wata likita ce da ta ƙware a ciwon daji na yara, irin wanda ke kumbura muƙamuƙi har haƙora su yi ta girgiɗi. Magani akwai shi a asibitinta, kuma yana ci in an zo da wuri. Amma ina! Sai ciwo ya cinye rabin fuska ake kawo mata yaro, ta yi iya yinta, bayan kwana kaɗan uwa ta koma gida da zanin goyo a hannu. Abin ya ci mata rai ƙwarai. Ran nan tana duba wani yaro sai ta ga tabon tsaga uku a kumatunsa. Ta zaro hotunan yaran da ta rasa cikin shekara biyar, ta jera su a tebur. Kusan kowanne yana da tabon nan. Ashe wanzami ake fara kai wa. Shi kuwa ya ɗauka maruru ne, ya yi sakiya, ya kafa ƙaho, a koma gida a yi wata biyu ana jiran ya sace. Abokan aikinta suka ce a sa hukuma ta hana wanzamai taɓa yara. Ta ce, "A hana su, iyaye su bi su ta bayan gida? Ni wajensu zan je."

Ta kuwa je. Duk ranar kasuwa sai ta kwashi hotuna ta zauna a rumfar wanzamai, gashi na tashi yana zuba mata a mayafi. A asibiti har suna aka laƙaba mata, wai Magajiyar Aska. Abu ɗaya tak ta roƙe su: kumburin da ya ƙi nuna, ga haƙori na motsi, kada a sa masa aska, a turo mata a ranar. Babbansu, wani tsoho mai taurin kan tsiya, sau biyu yana korar ta, ya ce tun ba a haife ta ba yake riƙe da aska. Ta ji zafi, ta haɗiye, ta koma na uku, ta cusa masa hoto ɗaya a zabira ta yi tafiyarta. Da damina ta zagayo, jikanyarsa 'yar shekara shida ta tashi da kumburi a kunci. Ya wasa aska, ya kama haɓarta, sai ya ji haƙori ya motsa a ƙarƙashin yatsansa. Ya ninke askar, ya saɓi yarinyar, kafin azahar yana ƙofar asibiti. Ya ce, "Ga ta nan. Ban taɓa ta ba." Wallahi hawaye likitar ta yi, na murna. Yarinyar ta warke sarai.

Daga nan tsohon da kansa ya shiga bin 'yan'uwansa kasuwa-kasuwa, kuma wa zai musa wa babba? Yara suka fara zuwa kumburi bai wuce ƙwan kaza ba, suna komawa gida da ƙafafunsu. Shekara goma likitar tana bin diddigi tana rubutawa, sannan ta buga bincikenta. Likitocin wasu ƙasashe suka karanta, su ma suka nemi masu maganin gargajiyarsu suka zauna da su. Ɗalibanta suka zama malaman wasu. Ranar da aka yi bikin zamanta farfesa, masu yi mata dariya sun fi kowa tafi, amma kujerar gaba tsohon nan ta zaunar a kai, zabirarsa a kafaɗa, jikanyar tasa ta zama budurwa tana gefensa.

Kai fa, da ka zo da takardar shaidarka kana hararar mutane, rumfar wa ka taɓa zama? Tashi ka je. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce, da ɗan gari akan ci gari.