Mai Maganin da Na So In Kora

Ruwa ake yi a Zuru da la'asar ɗin, yayyafi mai sa gyangyaɗi a kan kwanon ɗakinmu. Baba ya zo hutu daga aikin soja, yana zaune a ƙasa yana goge takalmansa, ƙamshin man takalmin ya cika ɗakin. Ni kuwa ina wasa a tsohuwar kwamfutar da ya kawo, ina jagorantar 'yan tafiya huɗu cikin wani daji mai shuɗin haske.

A wasan, duk faɗan da aka ci sai a raba maki daidai tsakaninsu. Abin ya ba ni haushi, domin akwai wata mai magani da ba ta kai sara ko ɗaya.

Na ce, "Baba, korar ta zan yi. Mai takobina zai fi saurin ƙarfi, kuma zan iya koya masa maganin ma."

Ya leƙo ya daɗe yana kallonta. Ya ce, "To, in shi ne ya faɗi, wa zai ɗaure masa rauni?"

Sai ya naɗe ƙafar wandonsa, ya ɗora yatsana a kan wani dogon tabo mai santsi da ban taɓa gani ba.

"Ranar da na ji wannan ciwon a fagen daga, wani soja ɗan garin Ribah ne ya goyo ni. Ko harbi bai iya sosai ba."

Na bar ta a cikin tafiyar. Baba ya rasu yanzu, kuma har yau ina jin zafin ban tambaye shi sunan mutumin ba.